Ƙananan Ƙwarin Jidda da Hoto Bai Isa Ya Raɗa wa Suna Ba

Ruwan sama ba ya sauka a Jidda sai jefi-jefi, galibi cikin watannin sanyi, amma wanda ya bi titin bakin teku ko ya leƙa harabar gidaje da masallatai zai tarar da shuke-shuke kore shar duk tsawon shekara. Ruwan tiyo ne ke riƙe da su. Akwai dabino, akwai darbejiya, akwai furannin ado iri-iri, cikinsu har da hibiskus, mai jan furen nan ɗan dangin yakuwa da kuɓewa. Zafi da laimar Bahar Maliya sun haɗu da ganyen da ba ya rasa ruwa, don haka ƙwari masu tsotson ruwan tsiro suka samu wurin zaman da babu yunwa.

A duba tohon hibiskus ɗin da kyau. Sau da yawa za a ga wani farin abu ya taru a gindin ganye, ganyen ya murɗe ya yi danƙo, baƙi-baƙi ya hau shi, tururuwa na ta hawa da sauka. Farin abin nan ƙwari ne masu laushin jiki da farin gari a baya, sun kafa baki a reshe suna tsotso, ita kuma tururuwa zaƙin da suke fitarwa take bi. Idan aka ƙura ido na ɗan lokaci, akan ga ɗaya daga cikin fararen ya bar inda yake, ya ratsa tarin da saurin da sauran ba su da shi. Zaruruwan bayansa sun fi tsawo, sun fi yamutsewa. Wannan ba ɗan gida ba ne. Tsutsar wani ƙaramin ƙwaro ce mai farauta, ta lulluɓe jikinta da fararen zaruruwan kaki irin na abincinta, tana cinye su ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da lambun da ya zo da famfon feshi ba zai tsaya bambanta su ba, duka zai yi wa wanka da magani. Bayan 'yan makonni masu tsotson su dawo, domin wasu sun ɓuya a lungun reshe, kuma kakin bayansu yana tare magani. Mai cin su kuwa ya riga ya mutu.

Tsutsar nan idan ta girma ita ke zama ƙwaron da Larabawa ke kira da'asuƙa, wanda masana suka tara danginsa ƙarƙashin sunan Coccinellidae. Manomin wake a Dawakin Kudu ko Madarunfa ya san manyansu ko da bai taɓa damuwa da sunansu ba: ƙwaro ne mai kumburarren baya, ja ko ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon baƙi, wanda ake gani yana zagaya kan wake idan darɓa ta sauka. An san jinsi wajen 6,000 a duniya. Sai dai masu jan bayan nan da kowa ya sani kaso ne kawai na dangin. Da yawa ƙanana ne ƙwarai, tsawonsu milimita 1 zuwa 3, wasu ko ƙwayar riɗi ba su kai ba. Baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa, bayansu lulluɓe da siraran gashi da ke dushe sheƙinsu. Su ne suka fi yin aiki a kan itatuwan birni irin Jidda, su ne kuma suka fi wuyar ganewa.

Tun da kyamarar wayar hannu ta yi ƙarfin da za ta kama abu mai wannan ƙanƙanta, mutane ke ɗaukar hotunansu suna aika wa masana da tambaya guda: wane jinsi ne wannan? Amsar da sukan samu daga wanda ya san aikinsa ita ce sunan zuriya kawai, misali Scymnus ko Nephus, tare da bayanin cewa hoton ba zai kai ga jinsi ba. Masu tambaya da yawa kan ji kamar an yi musu rowar ilimi. A ganina wannan amsa ita ce ta gaskiya, kuma ta fi cikakken sunan da aka cinkata amfani nesa ba kusa ba.

Abin da aka sani a Saudiyya

Tarihin nazarin waɗannan ƙwari a Saudiyya ba shi da tsawo. A 1979 aka fara fitar da jerin kundayen Fauna of Saudi Arabia daga gidan adana halittu na birnin Basel a Suwizalan, ƙarƙashin kulawar Walter Wittmer da Wilhelm Büttiker. A kundin farko, masanin nan Bajamushe Helmut Fürsch ya yi bayanin da'asuƙan ƙasar da aka tattara zuwa lokacin. Daga baya hukumar kula da yanayi da kare muhalli ta Saudiyya, mai mazauni a Jidda, ta shiga cikin masu ɗaukar nauyin aikin.

Babban bincike na baya-bayan nan ya fito ne daga Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad. Daga 2014 zuwa 2019 masu bincikenta sun zagaya sassan ƙasar, suka tattara ƙwari sama da 5,000 na wannan dangi, suka tantance jinsi 51 a cikinsu. Takwas ba a taɓa rubuta cewa akwai su a Saudiyya ba. An buga sakamakon a mujallar ZooKeys a 2020, kuma idan aka haɗa da abin da magabata suka rubuta, jerin ya haura jinsi 60. Rukunin da ya fi kowane yawan jinsi a ciki shi ne na Scymnus da 'yan uwansa, wato ƙananan nan masu duhun baya.

Abin lura a nan shi ne, idan yawon shekara shida ya iya ƙara takwas, to ba a rufe jerin ba. Duk wanda ya riƙe hoto yana gwada shi da jerin da ake da shi, yana gwadawa ne da abin da bai cika ba. Lamarin ya fi tsanani a Jidda, gari mai babbar tashar jiragen ruwa, inda dashen itatuwa da furanni da 'ya'yan itace ke shigowa daga nahiyoyi daban-daban. Ƙwaron da ke kan furen wani gida zai iya zama ɗan asalin Tihama, wato yankin gaɓar tekun da Jidda take ciki, zai iya zama ɗan Afirka da ke tsallaken teku, zai kuma iya zama baƙon da ya biyo tukunyar dashe daga Asiya.

Shaidar tana ƙarƙashin ciki

Mai ɗaukar hoto daga sama yake kallon ƙwaro, baya yake gani. Launin baya kuwa shi ne shaida mafi rauni a wannan dangi. Jinsi ɗaya zai iya fitowa da ɗigo biyu, ko huɗu, ko ɗigon su haɗe su zama zane, ko su ɓace gaba ɗaya. Wanda bai daɗe da rikiɗa daga tsutsa ba yakan fito da kodadɗen launi, sai bayan sa'o'i ko kwanaki ya nuna. A jinsunan Scymnus da dama kan namiji ya fi na mace haske, har wanda bai sani ba ya ɗauka iri biyu ne. Ga kuma akasin haka, jinsi biyu ko uku da ba abinci ɗaya suke ci ba amma rigarsu ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Shi ya sa masani yakan fara da kifar da ƙwaron. A bayan ƙafafun baya, kan gaɓar farko ta ciki, akwai wani siririn layi mai lanƙwasa. A wasu yana zagayowa ya koma gindin gaɓar, a wasu ya tsaya a hanya, a wasu kuma ya bi bakin gaɓar zuwa gefe. Tsakanin ƙafafun gaba akwai 'yan tudu biyu sirara a jere, Scymnus na da su, Nephus ba shi da su. Sai kuma a ƙirga gaɓoɓin 'yan ƙahonin da ke kansa, ko 11 ne ko 10 ko ƙasa da haka, a jikin ƙahon da shi kansa bai kai rabin milimita ba. Duk waɗannan zuriya ko reshen zuriya suke nunawa.

Kaiwa ga jinsi kuwa, a yawancin ƙananan nan, sai an fiɗe namiji. Ana jiƙa busasshen ƙwaron ya yi laushi, a ɗora shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ɓalle cikin da bakin siririyar allura. A tsoma shi cikin ruwan sinadarin potash har tsoka ta narke ya zama garau, a ɗauraye, sannan a zaro al'aurarsa a sa cikin ɗigon gilisarin. Wani lanƙwasasshen bututu ne siriri da wani ɓangare mai rassa da yake ratsawa ta ciki. Yadda bakin bututun ya ƙare, ko da ƙugiya, ko da zare, ko da 'yan haƙora, shi ke raba jinsi da jinsi, kuma shi ake gwadawa da zanen da wanda ya fara raɗa wa jinsin suna ya bari. Idan aka yi rashin sa'a duk waɗanda aka kama mata ne, sau da yawa ko masanin sai ya dakata.

Zuriyar Stethorus ta fi kowace nuna iyakar hoto. Tsawonsu bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, baƙaƙe ne wuluk, kuma kusan duk jinsunansu a duniya haka suke. Abincinsu 'yan mitsi-mitsin gizo-gizon nan ne da ke saƙa a bayan ganye, dangin wanda ke rufe ɗanyen dabino da yana da ƙura lokacin zafi, abin da manoman dabino a Saudiyya suka sani sarai. Hoto mafi kyau a duniya zai ce maka Stethorus ne. Ba zai wuce nan ba. Gwajin ƙwayar halitta da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003 yana taimakawa, amma shi ma sai an riga an ajiye sakamakon wani ƙwaron da masani ya fiɗe ya tabbatar, sannan a samu abin gwadawa.

Inda manhaja ke tuntuɓe

Manhajar da aka fi amfani da ita wajen wannan aiki ita ce iNaturalist, wadda ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Mutum zai ɗora hoto da wuri da rana, kwamfuta ta ba da shawarar suna, sauran masu amfani su amince ko su gyara. Idan aƙalla mutum biyu suka sa suna, kuma fiye da kashi biyu bisa uku na masu sa sunan suka tsaya a kan jinsi ɗaya, sai bayanin ya samu darajar shiga bincike, daga nan yana iya wucewa zuwa GBIF, babban rumbun bayanan halittu na duniya mai ofishi a Kopenhagen.

Tsarin yana da kyau, kuma ya yi wa manyan da'asuƙa aiki. Lokacin da Harmonia axyridis, ɗan asalin gabashin Asiya, ya bayyana a Ingila a 2004, hotunan da jama'a suka riƙa aikawa ne suka ba masana damar bin yaɗuwarsa gari bayan gari. A Amurka, shirin da Jami'ar Cornell ta kafa don neman jinsunan da suka yi ƙaranci ya dogara ne kacokan a kan hotunan yara da manya. Amma Birtaniya jinsi kusan 47 take da su, an yi ƙarnoni ana nazarinsu, kowane an san kamanninsa da wurin zamansa. A can, ko ƙananan ma ana iya kusantar sunansu da hoto mai kyau, domin waɗanda za a rikita da juna ba su da yawa.

Ita kwamfuta abin da aka koya mata ta sani. Ba a sa jinsi cikin waɗanda take ganewa sai an tara hotunansa masu yawa, wajen ɗari. Ƙaramin ƙwaron Tihama da ba a taɓa ɗaukar hotonsa da rai ba, ko aka ɗauka sau uku, ba ya cikin kanta. Idan aka nuna mata shi, za ta kawo mafi kama da shi cikin waɗanda ta sani, galibi ɗan Turai ko ɗan Amurka. Mai hoton ya danna ya karɓa, wani da ke son taimakawa ya zo ya amince ba tare da ya duba ba, shi ke nan an rubuta cewa akwai jinsi kaza a Jidda. Gobe ɗalibi zai zana taswira da wannan bayani. Jibi wani mai hoton zai ga ai an taɓa samun jinsin a garin, ya ƙara samun ƙwarin gwiwar sa wa nasa sunan. Kuskuren da aka shigar cikin minti ɗaya yakan ɗauki shekaru kafin a kankare shi, domin masanan da za su iya gyarawa 'yan ƙalilan ne a duniya.

Wani zai ce, to mene ne a ciki idan an ɓata sunan ƙwaron da ko ganinsa ba a yi? Afirka ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A 1973 aka fara ganin wani farin ƙwaro mai tsotso a kan rogo a kewayen Kinshasa da Barazabil, ya bazu cikin nahiyar, a wasu gonaki asara ta kai kashi 80 cikin ɗari. Masu neman abokin gabarsa a ƙasarsa ta asali sun fara cin karo da wani mai kama da shi a arewacin Kudancin Amurka, aka ɗauka shi ne. Ƙwarin da aka ɗebo daga jikin wancan suka ƙi hayayyafa a kan na Afirka, domin jinsi biyu ne. Sai da aka gano na ainihin a Faraguwai aka samu ɗan ƙaramin zanzaron da ya dace, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta fara saki a Ibadan a 1981 ƙarƙashin jagorancin Hans Herren. Zanzaron nan ne ya ceci rogon Afirka. Lokacin da aka ɓata a kan mai kamar, manoma ne suka biya shi da abincinsu.

Akwai misali mafi kusa da gida, kuma na da'asuƙa ne. A shekarun 1970 dabinon tsaunukan Ayar a arewacin Nijar yana fama da wani ƙwaro mai farin ɓawo da ke manne wa ganye har ya rufe shi, Parlatoria blanchardi, wanda har yau yake damun dabino a Saudiyya. Akwai ƙananan da'asuƙa 'yan ƙasa da ke cin sa, amma ba su iya shawo kansa ba. Sai aka shigo da Chilocorus bipustulatus, kuma ba kowane ba, irin da aka samo daga Iran aka riga aka gwada a gonakin dabinon Muritaniya. Wanda zai auna ko wannan aiki ya ci, dole ya iya bambanta baƙon da aka saki da 'yan gidan da ya tarar.

Abin da hoto zai iya

Duk da haka ba na cikin masu cewa a ajiye waya. Tambayar da ta fi damun mai lambu, wato aboki ne ko maɓarnaci, hoto na amsa ta cikin sauƙi. A wannan dangi akwai reshe guda mai cin ganye. A yankin Larabawa da Afirka akwai wanda ke addabar kankana da kabewa da kokwamba, babba ne, ruwan goro da ɗigo 12, bayansa ba ya sheƙi, tsutsarsa rawaya mai ƙayoyi, yana kankare ganye ya bar jijiyoyi. Ya fi ƙananan baƙaƙen kama da da'asuƙan da aka sani da alheri, shi ya sa wasu ke ƙyale shi su kashe masu amfanin. Hoto ɗaya na ƙwaron da ganyen da ya ci ya isa a raba gardama. Haka nan Cryptolaemus montrouzieri, ɗan Ostireliya da aka kai Kalifoniya a 1891 kuma ake sayar da shi yau a ƙasashe da dama don yaƙar fararen ƙwari masu tsotso: baƙin baya, kai da ƙarshen jiki ruwan lemo, ya ɗan ɗara sauran ƙananan girma, ba ya ɓoyuwa a hoto mai kyau.

Su kansu ƙananan, mai hoto zai iya kai masani kusa ƙwarai idan ya yi haƙuri. Hoto ɗaya daga sama bai wadatar ba. A ɗauka daga sama, daga gefe, da ta fuska. A lallaɓa ƙwaron cikin farar leda garau ko ƙaramar kwalba, a juya a ɗauki cikinsa. Idan ya ƙi tsayawa, 'yan mintoci a firji, ba ɓangaren ƙanƙara ba, za su sa ya lafa, kuma zai farfaɗo idan ya ji ɗumi. A ajiye rula kusa da shi, domin bambancin milimita ɗaya da rabi da milimita biyu da rabi yana fitar da zuriyoyi da dama daga lissafi. Hasken filasha kai-tsaye yana wanke gashin baya, gara inuwa mai haske. Ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙala wa kyamarar waya ba shi da tsada, kuma yana canja aikin gaba ɗaya.

Abin da aka fi mantawa shi ne hoton wurin da aka same shi. Wace shuka ce, me ke kanta? Wanda aka tarar cikin darɓa ya fi yiwuwa Scymnus ne, na cikin fararen masu gari a baya Nephus. Wanda ke yawo a kan ɓawon da ya manne wa ganyen dabino zai sa masani ya fara tunanin Pharoscymnus ko Chilocorus. Wannan ba hujja ba ce da za a yanke hukunci da ita, amma tana rage nisan tafiya, kuma ita kanta ilimi ce da ƙwaron da ke soke a allura cikin akwati ba zai bayar ba. Idan an gama, a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Idan kuwa aikin na buƙatar cikakken suna, a kama guda biyar ko shida don a dace da namiji, a sa cikin barasar asibiti, a rubuta wuri da rana da sunan shuka da fensir a jefa takardar ciki, a miƙa wa sashen nazarin ƙwari na jami'a, kamar Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke nan Jidda. Kada wani ya ɗauko mai rai cikin kaya ya tsallaka iyaka da shi, ko da yana ganin mai amfani ne.

Hausawa mazauna Jidda, da ɗalibanmu da ke karatu a can, da alhazan da ke ratsa garin kowace shekara, duk suna da waya a hannu. Hoton da aka ɗauka da kyau aka tsaya a sunan zuriya, da wuri da rana, gudunmawa ce ta gaske ga garin da bayanansa ba su cika ba.

Amma babban gibin yana gida. Ƙananan da'asuƙan da ke kan waken Kano da dawar Katsina da gero da kuɓewar Maraɗi suna jiran wanda zai haɗa hotonsu da sunansu na gaskiya. Aikin a bayyane yake: a ɗauki hoton ƙwaro da ransa ta kowane gefe, a fiɗe shi ɗin dai, a tabbatar da sunansa ta hanyar gwadawa da tarin ƙwarin da aka daɗe ana adanawa a Samaru ta Zariya, sannan a ɗora hoton da sunan inda kowa zai gani. Sai an yi haka jinsi bayan jinsi ne malamin gona, da ma ita kanta kwamfutar, za su samu abin dogaro. Ba ya buƙatar fiye da madubin ƙara girma, allura, waya da haƙuri. Shugabannin sassan kare amfanin gona a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo, da Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, idan kuna neman aikin da za ku ba ɗaliban digiri na biyu a bana, ga shi nan.